Fiziks ɗin Mpemba: da gaske ruwan zafi yana riga na sanyi zama ƙanƙara?

Akwai gardamar da ba ta mutuwa, sai dai ta yi gyangyaɗi ta farka. Da zarar bazara ta kankama, masu ƙullin ƙanƙara suka shiga tsere da wutar lantarki, sai ka ga wani ya tono wannan a intanet: wai in ka sa ruwan zafi da na sanyi a firiza lokaci ɗaya, na zafin ne zai riga daskarewa. Kafin ka ce kwabo an rabu gida biyu. Masu ƙaryatawa suna tura mai maganar ya koma firamare, ko su tambaye shi ko a garinsu da fetur ake kashe gobara. Masu gaskatawa kuma hujjarsu ba ta wuce biyu ba: ai har suna masana suka raɗa wa abin, kuma ga bidiyo nan kowa ya gani.

Hujjar masu ƙaryatawa ta fi daɗin ji, don haka da ita za a fara. Motoci biyu za su Kano, ɗaya ta tashi daga Kaduna, ɗaya daga Zariya, a minti guda. Ta Kaduna dole ta bi ta Zariya, kuma lokacin da za ta iso, waccan ta daɗe da yin gaba. Haka ruwan da ya fara daga digiri 90 a ma'aunin Salsiyos, tilas ya ratsa digiri 30 kafin ya kai sifili, inda daskarewa ke farawa, alhali wanda ya fara daga 30 ɗin bai tsaya jiransa ba. Shi ke nan magana ta ƙare? Ta ƙare, in motocin iri ɗaya ne, in lodinsu bai canza a hanya ba, in titin da ta farko ta bi shi ne ta biyu ta tarar, in kuma an yarda tun farko da wurin da za a kira Kano. Gardamar da aka kwashe fiye da shekara hamsin ana yi, a cikin waɗannan sharuɗɗa take zaune.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe kafin ya buɗe baki. Sanyaya abu ba wani aiki ba ne illa zare masa zafi, kuma ana auna yawan zafin da kilojul. Domin lita ɗaya ta ruwa ta sauka da digiri ɗaya, sai an zare mata kusan kilojul 4.2. Daga 30 zuwa sifili ke nan kilojul 125, daga 90 kuwa 376. Sai dai kai wa sifili ba shi ne zama ƙanƙara ba. A nan ruwan yake tsayawa cak, ma'aunin zafi ya daina motsi, sai an ƙara zare masa kilojul 334 kafin litar ta daskare duka. Jimilla, ruwan famfo yana bin firiza aikin kilojul 459, ruwan zafi kuma 710. Bambancin ya haura rabi. In da nan lissafin ya tsaya, da masu tura mutane firamare sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari.

Abin da suke mantawa shi ne, yawan zafi daban, lokacin fitar da shi daban. Saurin da abu ke zubar da zafinsa ya danganta da ratar da ke tsakaninsa da iskar da ke kewaye da shi. Firiza mai lafiya tana zama a digiri 18 ƙasa da sifili. Ruwan digiri 90 yana da ratar 108, na digiri 30 yana da 48, wanda ke bakin daskarewa kuwa 18 kacal. Wato mai zafin yana zubar da zafi da saurin da ya ninka na mai daskarewa sau shida. In ka bi wannan lissafin a kan ƙaramin kofi, ka ƙaddara na sanyin yana ɗaukar awa biyu, za ka samu minti 22 ne kawai ya kashe wajen sauka zuwa sifili, sauran minti 98 a tsaye ya yi su yana daskarewa. Mai zafin kuma minti 18 kacal yake bukata ya iso digiri 30. Ƙarin zafinsa kashi 55 cikin ɗari ne, amma ƙarin lokacinsa bai wuce kashi 15 ba.

A koma kan motocin. Ka ƙaddara Kaduna zuwa Zariya titi ne shimfiɗaɗɗe, ba rami ba shinge, amma a bakin shiga Kano akwai cunkoson da kowa sai ya yi awa ɗaya da rabi a ciki. Wanda ya riga isowa da minti 18 ba shi da tabbacin riga shiga gari. Ya isa a ce layin da na bayansa ya bi ya ɗan fi tafiya. Wannan siririyar rata ita ce ta sa ƙananan abubuwan da ba a kula da su suke iya juya sakamako, ita ce kuma ta sa mutum biyu masu gaskiya za su gwada a gidajensu, kowa ya dawo yana rantsuwa da abin da ya gani.

Sunan da aka ba abin, wato tasirin Mpemba, na wani ɗalibi ne ɗan Tanzaniya, Erasto Mpemba. A 1963 yana aji uku a sakandaren Magamba, ɗalibai kan dafa madara da sukari, su bari ta huce, su sa a firji ta zama askirim. Wata rana wuri ya kusa ƙarewa, sai ya tura tasa da zafinta don kada a riga shi, a daidai lokacin da wani ɗalibin ya sa tasa da bai ma dafa ba. Bayan kamar awa ɗaya da rabi suka dawo, ta Mpemba ta daskare, ta ɗayan tana nan ruwa-ruwa. Ya tambayi malaminsa, aka ce ya rikice ne. Ya tambayi masu sayar da askirim a garin Tanga, ya tarar su ma da zafi suke sawa. Da ya koma makarantar Mkwawa a Iringa ya sake ɗauko tambayar, malamin ya ce wannan fiziks ɗin Mpemba ne, ba na duniya ba. Daga nan duk kuskuren da ya yi a aji, ko a lissafi ne, sai a ce na Mpemba ne.

Sai Dokta Denis Osborne na kwalejin jami'a da ke Darussalam ya ziyarci makarantar. Mpemba ya miƙe ya tambaye shi: kwano biyu iri ɗaya, ruwa daidai wa daida, ɗaya a digiri 35, ɗaya a 100, me ya sa na ɗarin ke riga daskarewa? Aji ya kwashe da dariya. Osborne bai yarda ba, amma ya yi alkawarin gwadawa, ya kuma sa wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajensa ya yi. Ma'aikacin ya kawo rahoto cewa na zafin ne ya riga, ya ƙara da cewa za su ci gaba da maimaitawa har sai sun samu sakamakon da ya dace. Wannan amsa ta fi dukan raha da ake yi a intanet ban dariya, don ba da wasa ya faɗe ta ba. A 1969 Mpemba da Osborne suka wallafa bincikensu tare. Sun yi amfani da ruwa mililita 70 a kofunan gwaji masu cin mililita 100, a kan farantin soso a cikin firjin gida, suka ba da rahoton cewa wanda ya fara daga wajen digiri 25 ya fi daɗewa kafin ya fara daskarewa, na wajen 90 kuma ya fi shi sauri.

Ba Mpemba ne ya fara lura da abin ba. Aristotil na tsohuwar Girka ya rubuta cewa ruwan da aka taɓa ɗumamawa ya fi saurin daskarewa, Francis Bacon na Ingila da René Descartes na Faransa su ma sun taɓo zancen a ƙarni na 17. Amma tsufan magana ba hujja ba ne. Aristotil ɗin nan shi ne ya ce abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa gwargwadon nauyinsa.

To ta ina mai zafin yake samun kashi 15 ɗin nan?

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma ake kyautata zaton ita ce ke faruwa a mafi yawan gidaje, tana ƙarƙashin kofin. Duba cikin tsohuwar firiza: jikinta lulluɓe da dusar ƙanƙara, fara, mai laushi, cike da iska. Iska kuwa ba ta iya ɗaukar zafi; daskararriyar ƙanƙara ta fi ta iya wucewa da zafi kusan sau tamanin. Kofin ruwan sanyi yana zama a kan wannan dusa kamar a kan katifa. Kofin zafi kuwa narkar da ita yake, ya nutse har ya taɓa ƙarfen da bututun gas ke bayansa, ruwan da ya narke ya sake daskarewa ya liƙe gindin kofin da ƙarfen gam. Daga nan zafinsa ta ƙarfe yake fita kai tsaye, na maƙwabcinsa kuma yana lallaɓawa ta cikin iska. Wannan kaɗai na iya ba shi fiye da abin da yake bukata. Alamar ita ce, in ka zo ɗauka ka ji kofin da ya fara da zafi ya manne sai ka fizga. Ba ruwan ne ya yi abin mamaki ba, titi ya gyara wa kansa. Amma a lura, Mpemba da Osborne a kan soso suka ɗora nasu, don haka wannan bai bayyana sakamakonsu ba.

Ta biyu ita ce tururi, wato zubar da lodi a hanya. Giram ɗaya na ruwa da ya tashi ya zama tururi yana tafiya da zafin da ya kai kilojul 2.3, kusan daidai da abin da ake zarewa don daskarar da giram bakwai. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar da ake shan ruwan randa da tulu: tsatsafar da ke jikin tukunyar ƙasa, ita ke ƙafewa ta tafi da zafin. A kansa Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex. A shekarar da takardar Mpemba ta fito, wani masani a Kanada, George Kell, ya lissafa cewa in ta tururi kaɗai ruwa ya huce daga 100 zuwa sifili, zai rasa kusan kashi 16 cikin ɗari na nauyinsa. Riba biyu ke nan: ya huce da sauri, kuma abin da ya rage a daskarar ya ragu. Amma sai bakin mazubin yana buɗe kuma yana da faɗi. A ƙullin leda ko gora mai murfi, wannan hanya a toshe take. Akwai kuma abin da masu wannan hujja ba sa faɗa: tururin ba ɓacewa yake ba. A jikin firizar yake sauka ya zama dusa, ya sauke zafinsa a nan, kwamfiresa, wato injin firizar, ce dai za ta fitar da shi. Kofin ya ci tsere, mai biyan kuɗin wuta ya biya.

Ta uku ita ce kai-kawon ruwa a cikin kofin. Ruwa in ya huce nauyinsa ƙaruwa yake, sai ya nutse, mai ɗumi ya hau sama. Tsakanin digiri 90 da 80 bambancin nauyin ya haura giram shida a lita, tsakanin 20 da 10 kuwa giram ɗaya da rabi ne. Ga shi kuma ruwan zafi ya fi tsinkewa. Saboda haka yana juya kansa da ƙarfi, yana kai zafinsa sama da gefe inda zai fita. A digiri 4 abin sai ya juye, domin a nan ruwa ya fi nauyi. Wanda ya fi haka sanyi sama yake tasowa, shi ya sa ƙanƙara ke fara kamawa daga sama. Wannan juyi yana taimaka wa mai zafin ya rage rata, amma shi kaɗai da wuya ya sa ya wuce, don juyin yana lafawa yayin da ruwan ke hucewa.

Ta huɗu ta fi duka rikitarwa, ita ce taurin kan ruwa. An koya mana a makaranta cewa ruwa yana daskarewa a sifili. Gaskiyar ita ce ƙanƙara ce ke narkewa a sifili. Ruwa kuwa sau da yawa wucewa yake ƙasa, zuwa digiri 4 ko 6 ƙasa da sifili, yana nan a ruwansa, har sai ya samu abin kamawa: ƙwayar ƙura, ɗan karce a jikin kofi, ko girgiza. Ƙananan ɗigo masu tsafta kan kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili ba su daskare ba. Duk wanda ya taɓa ciro lemon kwalba daga firiza yana ruwa, ya buɗe ya ga ya rikiɗe ya zama dusa a hannunsa, ya ga wannan da idonsa. Ko a lokacin ma ba duka yake daskarewa ba. Ruwan da ya kai 6 ƙasa da sifili, sanyin da ya tara bai wuce na kilojul 25 a lita ba, wanda zai daskarar da kashi 7 ko 8 cikin ɗari kawai, sai ma'auni ya yi tsalle ya dawo sifili, sauran ya bi a hankali.

Matsalar ita ce ba a iya sanin lokacin da zai kama. Kofi biyu daga kwali ɗaya, ruwa daga famfo ɗaya, wannan ya kama a 3 ƙasa da sifili, wancan ya yi ta jan ƙafa har 8. Wannan jinkiri kaɗai na iya cinye mintocin da na sanyin ya riga ɗan'uwansa da su. Wani masani, David Auerbach, ya ba da rahoto a 1995 cewa ruwan da ya fara da zafi bai cika yin nisa ƙasa da sifili ba, amma wasu gwaje-gwajen da suka gabace shi akasin haka suka nuna. James Brownridge na jami'ar Binghamton a Amurka ya samu na zafin yana ci a kai a kai, amma sai da ya haɗa ruwan famfo mai zafi da tataccen ruwan ɗakin gwaji mai sanyi, wanda dama ya fi taurin kai. Tsere ne tsakanin ruwa iri biyu, ba tsakanin zafi da sanyi zalla ba.

Akwai masu kawo zancen iska da gishirin da ke narke a ruwa. Gaskiya ne tafasa tana korar iska, tana kuma sauke farin dattin nan da ke manne wa gindin buta a wuraren da ruwan rijiya ke da kanwa-kanwa, kuma wani masani, Jonathan Katz, ya gina bayaninsa a kan haka. Sai dai a auna: ruwan teku mai gishiri giram 35 a lita, a wajen digiri 2 ƙasa da sifili yake daskarewa. Ruwan sha da bai kai giram ɗaya ba, abin da zai sauya bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, sai dai a bakin ƙanƙarar da ke girma inda dattin ke taruwa. Sukari ya fi tasiri: giram 100 a lita na sauke wurin daskarewa da kusan rabin digiri, shi ya sa ƙullin zoɓo ke bin bayan ƙullin ruwa. Kuma kada a manta, abin da Mpemba ya fara gani madara ce da sukari, ba ruwa ba.

Saura tambayar ina ne Kano. Me ake nufi da ya daskare? Ya kai sifili? Ƙanƙarar farko ta bayyana? Sama ta rufe? Ko ya zama dutse har tsakiya? Tsere huɗu ne daban-daban, kuma wanda ya ci ɗaya na iya faɗuwa a wani. Mai leƙa firiza ya danna da yatsa, ɓawon sama yake gani, bai san ko ciki ruwa ne ba. A 2012 ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Birtaniya ta sa fam 1,000 ga wanda ya kawo bayani mafi gamsarwa. Amsoshi kusan 22,000 suka shigo, Nikola Bregović na jami'ar Zagreb a Kuroshiya ya ci, inda ya jingina abin da juyin ruwa da taurin kansa. Sai a 2016 Henry Burridge da Paul Linden a Ingila suka zaɓi ma'ana ɗaya, wato lokacin kai wa sifili, suka auna da tsanaki, ba su ga ruwan zafi ya riga ba ko kaɗan. Suka kuma nuna cewa in ma'aunin zafi ya goce sama ko ƙasa da santimita ɗaya a cikin kofi, hakan ya isa ya haifar da sakamakon ƙarya, tun da sama da ƙasan ruwan ba zafi ɗaya ba ne. Wannan bugu ne mai nauyi ga masu gaskatawa. Amma hucewa suka auna, ba daskarewa ba, don haka ƙofar taurin kai ba ta rufe ba.

Wani abin da ke ƙara ruɗa masu gardama shi ne kanun labarai da ke cewa masana sun tabbatar da tasirin Mpemba. Sun tabbatar, amma ba a kofin ruwa ba. A 2017 Zhiyue Lu da Oren Raz suka nuna da lissafi cewa akwai tsare-tsaren da mai zafi ke iya samun gajeriyar hanya zuwa sanyi. A 2020 Avinash Kumar da John Bechhoefer na jami'ar Simon Fraser a Kanada suka nuna haka a aikace, da ɗan ƙanƙanin ƙwallon gilashi da ido ba ya gani, wanda suke sarrafawa da hasken leza. Ka ƙaddara kwari biyu da tudu a tsakani, ɗaya ya fi zurfi kuma can ake so a taru. Garken da ya fara a natse a kwarin da ba shi ba, sai ya hau tudu kafin ya isa. Wanda ya fara a warwatse ko'ina, wato mai zafi, gangarowa kawai zai yi. Wannan ya rushe cewar da ake yi ba zai taɓa yiwuwa ba a ka'ida. Bai ce komai a kan firizar kowa ba.

Bidiyon da ake watsa tafasasshen ruwa sama ya zama farin gajimare kuwa, wani abu ne daban. A iskar da ta kai wajen digiri 30 ƙasa da sifili, ruwan zafi yana tarwatsewa ƙananan ɗigo, ya yi tururi nan take, busasshiyar iskar mai sanyi ta kasa riƙe tururin sai ya koma hazo da ƙwayoyin ƙanƙara. Manyan ɗigon da zafinsu suke faɗowa. A matsanancin sanyin da aka yi a tsakiyar Amurka a farkon 2019, an kai mutane asibiti da ƙuna saboda iska ta dawo musu da ruwan a fuska.

Wanda yake so ya gwada, ya yi shi yadda sakamakon zai zama hujja. A tafasa ruwan duka tare, a ware rabi a rufe ya huce, domin bambancin ya zama na zafi kaɗai. Kofunan silba iri ɗaya, ba na gilashi ba don yana iya tsagewa, ba kuma gorar ruwan roba ba, don tana fara lanƙwashewa daga wajen digiri 70. A auna mililita 100 da sirinji a kowanne. A ɗora su a kan katako ko soso, a raba su da aƙalla taƙi ɗaya, in ba haka ba mai zafin zai ɗumama maƙwabcinsa, ka zaci shi ne ya yi sauri alhali ɗayan aka ja baya. Kada a gwada su ɗaya bayan ɗaya, domin kofin zafi yana tayar da kwamfiresa, na sanyi kuma yana iya tarar da ita tana hutu. A rubuta tun farko me za a kira daskarewa. Mafi sauƙi shi ne a ciro duka biyun a minti ɗaya, a fasa ɓawon, a tsiyaye ruwan da ya rage a auna. Buɗe murfi kowane minti biyar ɓata gwajin yake. A maimaita aƙalla sau goma ana musanya wuri da kofi, a yi rabi a rufe, rabi a buɗe. In aka ɗauke wuta a tsakiya, a jefar da wannan zagayen. Abin da ya fi yiwuwa shi ne na sanyin ya ci mafi yawa, na zafin ya yi kunnen doki ko ya ci jefi-jefi, musamman a buɗaɗɗen kofi. Sannan a cire katakon a ɗora su a kan dusa, a ga yadda lissafi zai canza.

Ga mai sana'ar ƙanƙara kuwa, babu ma gardama. Duk abin da aka faɗa a sama na ƙaramin kofi ne a babbar firiza, inda ƙarfin injin ya fi ƙarfin aikin. In aka cika ta da kaya, kwamfiresa ce ke yanke hukunci, kuma ita jimillar zafi take ƙirgawa. Jakar fiya wata ɗaya, ƙulli 20 na rabin lita, lita 10 ke nan: kilojul 4,590 daga digiri 30. In firizar tana fitar da wat 100 na zafi, wato kilojul 360 a awa, bayan an cire wanda ke kutsowa ta jikinta, aikin kusan awa 13 ne. Ruwan digiri 90 kuwa kilojul 7,100, kusan awa 20. Injin yakan fi zuƙa lokacin da kaya ke da zafi, don haka ratar ba za ta cika awa bakwai ba, amma ba za ta juye ba. Ga kuɗin gas ɗin tafasawa, ga man janareta, ga naman da ke gefe yana saki.

Abin da ke rage lokaci da gaske sananne ne. Kowane digiri 10 da aka rage kafin a sa ruwan yana cire kilojul 42 a lita, kusan kashi 9 cikin ɗari na aikin, don haka ruwan da ya kwana a randa ya fi wanda ya wuni a baƙin tanki a rana. Ƙulli mai faɗi da siranta ya fi dunƙulalle, domin ninka kauri yakan ninka lokaci sau biyu zuwa huɗu. Ƙanƙarar da ta fara kamawa a gefe ita ce ke tare wa tsakiya hanya. A jingina ƙullin da bangon firiza, a bar ɗan tsakani don iska, a narkar da dusar jiki in ta kai kaurin rabin santimita, a kuma janye firizar daga bango yadda injin zai sha iska. Masu manyan injinan ƙanƙara ba a iska suke daskararwa ba, a cikin ruwan gishiri mai wajen digiri 10 ƙasa da sifili suke tsoma mazubai, don ruwa ya fi iska kwasar zafi nesa ba kusa ba. A takardar da ke manne a jikin firiza da yawa akwai adadin kilon da za ta iya daskararwa cikin awa 24. Wanda ya ɗora mata ninkin wannan, gobe da la'asar ɓawo zai tarar da ruwa a ciki. Kuma kada a cika gora har wuya, domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari in ya daskare.